Jakada Kafin Takobi: Diflomasiyya a Wasannin Tarihi na Kwamfuta, da Gurbin da Ke Jiran Matasan Gombe

[Kiɗan buɗe shiri]

Jama'a masu sauraronmu a cikin garin Gombe, daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tumfure, da waɗanda muryarmu ke iskewa a Kumo, Dukku, Bajoga, Deba, Billiri da Kaltungo, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na faɗakarwa.

Zancenmu na yau a kan wasan kwamfuta ne. Iyayenmu maza da mata, a yi mana haƙuri kada a sauya tasha, domin maganar ta shafe ku kamar yadda ta shafi 'ya'yanku. Za mu taɓo Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno, za mu taɓo Modibbo Buba Yero da Gombe Abba da Burmi, kuma duk ta ƙofar wasan za mu shiga.

Akwai wani rukunin wasanni da ake kira wasannin dabarun mulki. Taswirar duniya ake shimfiɗa maka a kan allo, a ce ka zaɓi ƙasa guda a wata shekara ta tarihi, ka riƙe ragamarta: baitulmali, kasuwa, runduna, da hulɗa da maƙwabta. Wanda ya iya dara ya san ɗanɗanon abin, don kafin ka ɗaga ɗa sai ka hango inda abokin karawarka zai jefa nasa. Sai dai a nan abokan karawar ɗaruruwa ne, kowa da kwaɗayinsa, kowa da abin da yake tsoro.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne ƙasashenmu suna cikin waɗannan wasanni. A 2013 kamfanin Paradox da ke birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya fitar da Europa Universalis IV, wasan da ke farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444 ya ƙare a 1821. A taswirarsa akwai Kano, Katsina, Zazzau, Borno, Nupe, Oyo, Azbin, Songhai da Mali, kuma kowacce ana iya ɗaukarta a mulke ta. A Crusader Kings III na 2020, mai wasa yana iya farawa a matsayin Daurama ta Daura a shekarar 867. A Victoria 3 na 2022, wanda ke farawa a 1836, Daular Sakkwato na nan. Wani kamfanin kuma ya ƙara Hausawa cikin Age of Empires III a 2021, da birnin Kano, da barade masu lifidi, da mayaƙa masu amsa umarni da harshen Hausa. A 2025 Sarauniya Amina ta Zazzau ta shiga jerin shugabannin Civilization VII. Ke nan akwai matasa a Jamus da Brazil da Koriya da suka fara jin sunan Kano da Daura ta wannan hanya, kuma abin da wasan ya nuna musu shi suka ɗauka a matsayin tarihinmu.

To, yaya diflomasiyya take aiki a ciki? Mu ɗauki Kano a Europa Universalis IV a 1444, zamanin da tarihi ya nuna Sarki Abdullahi Burja ne a kan gado.

Ka buɗe wasa, ga Katsina a arewa maso yamma, ga Zazzau a kudu, ga Borno a gabas da ƙarfinta. Kowace ƙasa tana da ma'aunin yadda take kallonka, daga 200 ƙasa da sifiri, wato ƙiyayya tsantsa, zuwa 200 sama da sifiri, wato so na haƙiƙa. Jakadunka ƙalilan ne. In ka tura ɗaya fadar Borno, zai zauna can wata da watanni yana gyara zumunci, lambar tana hawa kaɗan-kaɗan, kuma muddin yana can ba ka da shi don wani aiki. Idan lambar ta yi kyau sai ka nemi ƙawance, ka ƙarfafa shi da auratayya tsakanin gidajen sarauta. Amma wasan ya ƙayyade yawan irin wannan alaƙa, galibi huɗu. Ka wuce haka, kowane wata sai an zaftare maka wani abu daga ƙarfin diflomasiyyarka. Darasi na farko ke nan: ba kowa za ka yi wa alkawari ba, domin alkawari kaya ne, ɗaukarsa ake yi.

Darasi na biyu, ƙawance bashi ne. Ran da aka kai wa abokinka hari, kira zai iso maka. In ka amsa, ka shiga yaƙin da ba kai ka tono ba. In ka noƙe, ƙawancen ya watse, mutuncinka ya zube, kuma wani ma'auni da ake kira yarda, mai tafiya daga sifiri zuwa 100, ya faɗi. Shi ma abokin galibi ba zai bi ka yaƙin da kai ka ɗauko ba sai ka tara bashin alheri a wurinsa, wanda shekaru ne ke tara shi.

Darasi na uku, yaƙi sai da hujja. Wanda ya afka wa maƙwabci haka siddan, zaman lafiyar cikin gidansa ne zai fara girgiza. Bayan an yi sulhu kuma akwai wa'adin tsagaita wuta na shekara 5 zuwa 15, gwargwadon abin da aka karɓa, wanda ya karya shi ya jawo wa kansa babbar asara.

Darasi na huɗu shi ne wanda ya fi kayar da sababbin 'yan wasa. Yaro ya ga rundunarsa ta yi ƙarfi, ya cinye Katsina, ya juya ya haɗiye Zazzau, yana murna taswira ta cika da launinsa. Bai lura ba, duk garin da ya ƙwace ana rubuta masa laifin haɗama a zukatan maƙwabta, kuma laifin ya fi nauyi a wurin na kusa da shi da waɗanda suke addini ɗaya da wanda aka ci. Da zarar ya kai 50 a wurin ƙasashe da dama, sai su haɗa kai su yi masa taron dangi. Abin da ya tara a shekara talatin ya zube a yaƙi guda. Laifin yana gogewa, amma a hankali ƙwarai, don haka gwanayen wasan sun fi daɗewa suna kallon jerin maƙwabta da abin da ke ransu fiye da kallon filin daga.

Victoria 3 ya ƙara wani salo. A can ba a tashi kawai a shelanta yaƙi. Ƙasa za ta gabatar da buƙatarta a fili, a shiga lokacin ja-in-ja, kowane ɓangare yana zawarcin manyan ƙasashe da alkawura, agogo yana tafiya. Wanda ya ga an fi ƙarfinsa yana iya janyewa ya ba da abin da aka fara nema, a watse ba a zubar da jini ba.

Wannan shi ne alherin da nake gani a waɗannan wasanni. Yaron da ya zauna da su yana gane cewa ƙarfi kaɗai ba ya riƙe ƙasa, kuma maganar da ka faɗa jiya tana nan tana jiranka gobe.

[Kiɗa]

Masu sauraro, yanzu mu ajiye allo mu buɗe tarihinmu, mu ga ko ma'aunin ya yi daidai da yadda magabatanmu suka yi hulɗa.

Kano da Katsina sun daɗe suna gwabzawa a kan hanyoyin fatauci. Tarihin Kano ya nuna cewa wajen 1650, zamanin Sarki Shekarau, aka ƙulla sulhu tsakaninsu, kuma malamai ne suka shiga tsakani. Mutane ne da ba su da runduna ba su da ƙasa, amma sarakuna biyu suka ji nauyinsu. A wasan da na bayyana muku babu gurbin irin wannan mutum. Ƙasa da ƙasa ne kawai ke magana.

A gabas, Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu har Istanbul wurin Sarkin Daular Usmaniyya a shekarun 1570. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma aka yi musayar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu, a kan halaccin yaƙar Borno. Muhawara ce ta malamai, hujja na bin hujja, kuma Bello ya adana wasiƙun abokin jayayyarsa tare da amsoshinsa a littafinsa Infaƙul Maisuri. An kai ga yaƙi, har Yakubun Bauchi ya tare rundunar Borno a 1827, daga baya kowa ya tsaya a iyakarsa. A daidai wannan lokaci Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato karo na biyu ɗauke da kyaututtukan da zai wuce da su Borno, Bello ya hana, domin ba a barin kaya su wuce zuwa ga wanda ake yaƙi da shi. Clapperton ya rasu a can a watan Afrilun 1827.

Mu dawo gida. Modibbo Buba Yero almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, ya karɓi tuta, ya kafa masarautar Gombe daga 1804, ya zauna a Gombe Abba a bakin kogin Gongola wajen 1824, ya rasu a 1841. Mece ce alaƙar Gombe da Sakkwato? Wasan kwamfuta zai ce ubangida da bara. Amma abin ya fi haka zurfi. Akwai mubaya'a, akwai gaisuwar da ake aikawa, akwai tabbatar da sabon sarki daga Sakkwato, akwai tsarin ƙofa, inda masarauta ke da babban bafade a fadar Sarkin Musulmi da take bi ta hannunsa, kuma gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya riƙe wasiƙun yawancin masarautun gabas. Sarkin Gombe yana tafiyar da ƙasarsa da kansa, amma in rigima ta fi ƙarfin gida, Sakkwato ce mai raba gardama. Haka aka yi a 1833, bayan saɓanin da ya kai ga rasuwar Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero mai riƙe da Muri: Sakkwato ta cire Muri daga ƙarƙashin Gombe ta mai da ita masarauta mai zaman kanta.

Akwai kuma amana. Al'ummomi da yawa da ba su musulunta ba sun ƙulla amana da masarautu: su ba da wani abu a shekara, a bar su da sarakunansu da al'adunsu, fatake su wuce lafiya. Wasu kuwa, musamman a duwatsun Tangale da Waja da Tula, sun riƙe 'yancinsu har zuwan Turawa. Taswirar wasa takan shafe irin wannan yanki da launi guda, ko ta bar shi a matsayin filin da mai mulkin mallaka zai zo ya dasa tuta. A Victoria 3 ma Sakkwato tana cikin rukunin ƙasashen da manyan daulolin Turai ba su amince da su a matsayin tsararsu ba. Gaskiya ne haka Turawan ƙarni na 19 suka ɗauke mu, amma wannan kallo ne daga Landan da Faris. Daga Wurno, inda Heinrich Barth ya zauna da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853 aka rubuta takardar ciniki, Baturen ne baƙo mai neman izini. Takardar da wani Bature, Joseph Thomson, ya samu a 1885 kuwa, wani kamfanin Ingila ya riƙa nuna ta a Turai a matsayin an miƙa masa iko, alhali a fahimtar Sakkwato izinin kasuwanci aka bayar. Takarda ɗaya, fassara biyu, kuma wannan saɓani yana cikin abin da ya share hanyar faɗuwar Sakkwato a 1903.

Ƙarshen labarin a ƙasarmu ya faru. Gombe ta shiga hannun Turawa a 1902. A shekarar ne suka kama Malam Jibrilla Gaini, wanda ya kafa ƙarfinsa a Burmi, suka kai shi Lakwaja. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, jama'a na bin sa gari-gari, har Burmi kusa da Bajoga. An kori harin farko a watan Mayu. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka yi na biyu, Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin jama'arsa, shi ma kwamandan Turawa, Manjo Marsh, ya mutu a wurin. Waɗanda suka tsira suka ci gaba har Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Sarki ya bar gadonsa, talakawa su bar gonakinsu su bi shi saboda aƙida: babu ma'aunin 200 sama ko 200 ƙasa da zai iya auna wannan.

Sai wani abu da muke rayuwa da shi kullum, wato wasan taubasantaka tsakanin al'ummomi. Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe. Mutum biyu su haɗu a tasha ba su taɓa ganin juna ba, a yi ta zolaya, a rabu ana dariya, kuma in rigima ta taso wannan dangantaka takan sanyaya ta. Diflomasiyya ce ta talakawa, wadda ta daɗe fiye da yarjejeniyoyin sarakuna da yawa.

Ba ina zargin waɗanda suka ƙera wasannin ba ne. Sun yi bincike gwargwadon littattafan da suka samu, sun kuma sa mu a taswira. Amma wanda ke zaune a Stockholm ba zai san ƙofa da amana da taubasantaka kamar ɗan Dukku ko 'yar Kaltungo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

[Kiɗa]

Ga inda maganar ta zo kanku, matasa. Waɗannan wasanni a buɗe aka bar su. Ana iya yi musu kwaskwarima, abin da 'yan wasa ke kira mod: mutum ya sauya dokokin wasa ko taswirarsa ko labarinsa, ya ɗora a intanet wasu su sauke. A wasannin Paradox yawancin dokokin rubutu ne zalla, wanda ƙaramar manhajar rubutu irin Notepad take buɗewa.

Bari in kai ku ciki. A jakar Europa Universalis IV akwai jakar tarihi, a cikinta akwai ta larduna, ta ƙasashe, da ta diflomasiyya. Kowace ƙasa tana da lamba ta haruffa uku: Faransa FRA, Ingila ENG, Sakkwato SOK. Ka buɗe fayil ɗin lardi guda, za ka ga layuka gajeru: wa ke mulkinsa, wace al'umma ce a ciki, wane addini, wane kaya yake fitarwa, hatsi ko tufafi ko hauren giwa. A ƙasa kuma ga kwanan wata, da abin da ya sauya a ranar. In kana son kafa Gombe, sai ka zaɓi haruffa uku da ba wanda ya riga ka, ka zana tuta, ka rubuta jerin sarakuna da shekarunsu, sa'an nan ka koma fayil ɗin lardin ka ce daga 1804 mulki ya koma hannun wannan ƙasa. A jakar diflomasiyya, ƙulla alaƙa layi huɗu ne kacal: ƙasa ta farko, ƙasa ta biyu, ranar farawa, ranar ƙarewa.

Daga nan sai aiki mai daɗi. Wasan ya yarda ka ƙirƙiro sabon nau'in biyayya. Kana iya rubuta alaƙar mai tuta: yana aika gaisuwa, ana tabbatar da magajinsa daga sama, amma yana yaƙinsa da sulhunsa. Kana iya rubuta amana: kuɗi kaɗan a shekara, ba a taɓa addini ba a taɓa sarauta, wanda ya ci amanar kuma yardarsa ta faɗi a idon duk maƙwabta. Kana iya sa ƙarin so na dindindin tsakanin al'ummomin da ke wasa da juna. Kana iya rubuta aukuwa: in ƙasashen Musulmi biyu suka daɗe suna yaƙi, sai saƙo ya fito cewa malamai sun iso fada suna neman a ajiye makamai, ga zaɓi biyu, ka amsa ko ka ƙi, kowanne da sakamakonsa. Mai son ƙarni na 19 gaba ɗaya har zuwa Burmi, Victoria 3 ya fi dacewa da shi, kuma tsarin rubutunsa ɗan'uwan na Europa Universalis IV ne.

Aikin yana son natsuwa. Alamar baka ɗaya in ka buɗe ba ka rufe ba, fayil ɗin duka zai rikice, sai ka koma takardar kurakurai da wasan ke ajiyewa ka bi layi-layi. Kada ka taɓa fayilolin asali. Kwafa ake yi a jakar mod a yi gyaran a can. Masu son fassara wasan zuwa Hausa kuma su sani, tsohon wasa irin Europa Universalis IV ba ya nuna haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sai an yi masa dabara ta musamman. Wannan kansa aiki ne da ke jiran mai shi.

Kada a raina wannan sana'a. Wasu masu kwaskwarima sun faɗaɗa wannan wasa ya fara daga shekara ta 2 Miladiyya har zuwa zamaninmu. Counter-Strike, wanda ya zagaye duniya, a 1999 kwaskwarima ce da matasa biyu suka yi wa wasan Half-Life, daga baya kamfanin Valve ya ɗauke su aiki. Ƙa'idar Paradox ba ta yarda a sayar da mod ba, don haka kada wani ya shiga da tunanin kuɗin gobe da safe. Ribar ita ce abin da zai zauna a kanka: tsara dokoki bi da bi, gano kuskure, zanen taswira, Turanci, aiki da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Matakin farko ne na koyon rubuta manhaja.

Na san halin da muke ciki. Waɗannan wasanni da kuɗin waje ake sayensu, suna son kwamfuta mai ƙarfi, ga tsadar data, ga wuta da ba ta tsayawa. Amma akwai na kyauta. Freeciv yana nan tun 1996. Unciv, wanda aka gina a kan salon Civilization V, yana tafiya a wayar Android, ba ya cin wuri, yana karɓar mod, kuma 'yan sa-kai ne ke fassara shi zuwa harsuna. Da wayar da ke aljihunka za ka iya fara ƙara ƙasa guda da shugabanta da sunayen garuruwanta. A guji sauke wasannin sata, domin ban da haƙƙin masu shi, sau da yawa da ƙwayar cutar kwamfuta suke zuwa.

Yanzu ga sharuɗɗa, kuma su ne zuciyar wannan shiri.

Na farko, karatu kafin rubutu. Wanda zai sa Gombe a wasa sai ya san cewa hedikwatar masarauta ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sa'an nan zuwa Gombe Doma, garin da muke ciki, a 1919. Sai ya nemi malaman tarihi a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, ya san akwai takardu a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai ya durƙusa gaban dattawa, domin akwai labarin sulhu da auratayya da iyakoki da ba a taɓa rubutawa ba, yana bakin tsofaffi a Nafada da Pindiga da Gwani. An yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantunmu, don haka matasa da yawa sun tashi da wannan giɓi. Ga dalilin cike shi.

Na biyu, adalci. Jiharmu, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba 1996, gida ce ga Fulani, Tangale, Tera, Waja, Bolewa, Jukun, Tula, Cham, Dadiya, Barebari, Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista. Tarihin ƙarni na 19 yana da ilimi da fatauci da sulhu, yana kuma da hare-hare da kamun bayi, kuma zuriyar kowane ɓangare suna zaune unguwa ɗaya a yau. Wanda zai rubuta mod ya ba kowace al'umma sunanta na gaskiya, da sarakunanta, da damar a ɗauke ta a yi wasa da ita. Kada ya mai da kowa abin farauta, kada ya ƙirƙira wa kakanninsa nasarar da ba su yi ba. Abin da ka ɗora a intanet yaro a wata nahiya zai ɗauke shi gaskiya, maƙwabcinka ma zai gani.

Na uku, lokaci. Irin wannan wasa yana cinye dare mutum bai ankara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su a 2019. In wasa ya fara cin sallah, ko karatu, ko aiken iyaye, ko barci, to ya wuce gona da iri. Iyaye, wasu daga cikin wasannin, musamman Crusader Kings, suna ɗauke da makirce-makircen fada da al'amuran da ba su dace da ƙananan yara ba, don haka a duba kafin a bari. Hanya mafi kyau ita ce ku zauna kusa da yaron ku tambaye shi: wace ƙasa ka ɗauka, da wa ka ƙulla ƙawance, me ya sa? In ya ce Borno, ku ba shi labarin da kuka ji daga kakanninku. Ta haka allon da kuke ganin ya raba ku zai zama sanadin hira.

Kirana na ƙarshe ga ɗalibanmu ne. Ɗalibin tarihi yana da labari amma bai iya fayil ba. Ɗalibar kimiyyar kwamfuta ta iya fayil amma ba a ba ta labarin ba. Mai zane yana can yana neman abin zanawa. Ku nemi juna, mutum uku ko huɗu sun isa. Ku fara da abu ƙarami: masarauta guda, alaƙar amana guda, aukuwa guda ta malamai masu sulhu. Ku kai wa malaminku ya duba shekarun, ku kai wa dattijo ya duba sunayen, sa'an nan ku saki. Magabatanmu sun san yadda ake tura jakada, da yadda ake riƙe alkawari, da yadda ake zama da wanda ba a addini ɗaya da shi. Duniya ba za ta san haka ba sai mun rubuta da hannunmu, a inda matasanta suke taruwa.

A nan za mu dasa aya. A madadin wanda ya haɗa mana sauti da sauran abokan aiki, nake cewa Allah ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya shiryar mana da zuriya.

[Kiɗan rufe shiri]